ƊAN RIƘO DA FADAMAR DA RUWA YA CI

Shafi na 19

Sallama gare ku masu bibiya. Masu cewa na ja musu rai a kan maganar Jatau, a yi haƙuri, yau ga mu a zaman Mafara.

*

Ranar Talata aka sa, don ran nan ne ake samun mota ta kowane ɓangare. Motar Bakura ta sauke Jatau da Gwaggo Taibatu da hantsi. Ta Maradun kuwa ta riga ta sauke iyayensa, Malam Barau da Inna Maimunatu.

Jatau na gaba riƙe da bakin sanda, Gwaggo na baya riƙe da ɗaya bakin. Tun da yanar ido ta rufe mata gani haka suke tafiya ko'ina. In ya ja sandar gefe ta san rami ne, in ya ɗaga ta san dakali ne. Yayar mahaifinsa ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta riƙe shi tun ranar yaye. Yau ga shi da gemu, shi ke jan ta.

"Sannu-sannu, ɗan nema," in ji Gwaggo. "Ba biki za mu ba."

"To, Gwaggo."

Zauren Malam Abdulhamid na can bayan 'yan gishiri. Tun da aikin dam ɗin Bakolori ya hargitsa gidaje, mutumin nan bai huta ba. Wanda katafila ta share wa iyakar gona, wanda tabki ya tasa daga garinsu, wadda miji ya tafi lebura ya manta hanya, duk nan ake fara kawo su kafin a kai ga alƙali. Mutum ne mai sanyin magana, ya taɓa zuwa kwas Kaduna a kan sasanta iyali.

Suka yi sallama.

Malam Barau na zaune kan tabarma, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Inna na can kusurwa. Jatau na sa ƙafa a zauren ta ja mayafi, ta juya fuskarta ga bango.

Haka take yi tun yana yaro. Shi ne ɗanta na fari, uwa kuwa ba ta kallon ɗan fari, ba ta kama sunansa. Kowa ya san al'ada ce, shi ma ya sani. Sai dai ya ga iyaye mata da yawa masu kunyar ɗan fari da ke satar kallo, su aiko da ƙuli-ƙuli a ɓoye. Shi ko wannan bai taɓa samu ba.

Ya zaunar da Gwaggo, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Ya zahi?"

"Lokacin abinai na."

"Ya mutanen Bakura?"

"Suna gaisuwa."

"Madalla."

Ya ɗan karkata. "Inna, ina wuni."

Bango ta amsa wa. "Lahiya."

Gwaggo ta ɗaga kai tana laluben inda ƙanen nata yake. "Barau, kai na, ko tari ka aiko ya wakilce ka?"

"Ni na, Yaya. An zo lahiya?"

"An dai zo."

Malam Abdulhamid ya bari aka gama gaishe-gaishe, aka sha ruwa. Sannan ya buɗe taro da addu'a, ya gyara zama.

"Na ji maganar kowa a rarrabe, yau ina so a ji ta a haɗe. Baba, kai ka ce tun bara da manoma suka tare hanyar dam, aka yi abin da aka yi, ba a ga ɗanka Kabiru ba."

"Ba shi, ba gawa tai."

"Allah Ya bayyana. Ka ce ba ka da sauran mai riƙe maka fartanya, kana so Malam Jatau ya dawo gabanka kafin ruwa ya sauka."

"Haka na."

"Ke kuma Gwaggo kin ce in ya tafi..."

"In yat tahi a biya a gina mani kabari tukuna," ta katse shi. "Don ko randa ban iya kai kaina."

Malam Abdulhamid ya miƙa hannu bayan ƙofa ya jawo ƙoƙuna huɗu, ya ajiye ɗaya gaban kowa. Ya zazzage 'ya'yan tsamiya a tsakiyar tabarma.

Gwaggo ta kasa kunne. "Mi nika ji haka? Dara za mu yi?"

"Kusan haka, Gwaggo." Ya yi murmushi. "Abin da aka koya mana shi ne, duk zaman da mutum ke yi da mutum, akwai abin da yake bayarwa, akwai abin da yake samu. Ba kuɗi kaɗai ba. Gaisuwa ma samu ce, mutunci ma samu ne. Idan hannu ɗaya ya daɗe yana miƙawa ba a sa masa komai, zama sai ya yi tsami. To in aka gano ƙoƙon da ya bushe, sai a san inda za a ɗebo a zuba masa."

"Ɗan nan, kana da mata?"

"Ina da ita."

"Haka kaka aza mata ƙoƙo in kun yi hwaɗa?"

"Ita ke aza mini, Gwaggo."

Har Malam Barau sai da ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya.

"To mu fara da ke. Me kika ba Malam Jatau?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi.

"Baya nib ba shi. Goyo har sai da ƙahwahunai sunka riƙa bugun gwiwata. Ƙyanda ta kama shi, ni. Kaciya, ni nid dama kunun. Allo, ni nik kai shi. Da za a yi mai aure tasoshina nis saisuwa, na gadon uwarmu. Barau na nan, in ƙarya nika yi shi hwaɗi."

"Ba ƙarya," in ji Malam Barau.

Duk abin da ta ambata, Malam Abdulhamid sai ya jefa ƙwallo ɗaya a ƙoƙon Jatau. Ƙwas. Ƙwas. Jatau na kallon ƙasa.

"Ke kuma me kika samu?"



"Na samu mai ce mani Gwaggo da sahe. Kahin shi zo, gidan mijina ko kaza ba ta yi mani sallama. Na samu mai itace, mai ruwa. Yanzu kuma shi na idona."

Ƙwallaye suka sauka a ƙoƙonta.

Malam Abdulhamid ya juya. "Baba, kai ka ba da ɗa. Babbar bayarwa ce. Me ka samu?"

"Zumunci na."

"Na ji. Ban da shi fa?"

"'Yar'uwata ta. Ta roƙa, na ba ta."

"To kyauta ce ke nan."

Malam Barau ya kawar da kai gefe.

"Ba don in ƙure ka na ce ba, Baba. Amma in kyauta ce don Allah, ka san ko gaban alƙali aka je, da wuya a ce tsohuwa makauniya ta mai da abin da aka ba ta tun tana da ƙarfi. Sai dai roƙo."

"Barau," in ji Gwaggo a hankali. "Yi roƙon. Bar shi nan."

Jatau ya ɗaga kai. Bai taɓa jin muryarta haka ba.

Malam Barau ya dubi ƙoƙonsa da babu ko ƙwallo ɗaya.

"Roƙo? Ni za ni roƙon abina?"

"Barau."

"A'a, Yaya. Tunda awo anka zo yi, a auna duka." Ya juya ga Malam Abdulhamid. "Ba kyauta ba ta, Malam. Musaya munka yi."

Daga can kasuwa ana jin mai tallar rake.

"Musayar me?" in ji Malam Abdulhamid.

"Da ubanmu yar rasu anka raba gado, rabonta ya hwaɗa bisa hwadamar bakin gulbi. Ƙasa mai kyau, ko tsinke ka soka sai ya yi shinkahwa. Ni nawa tudu na. Ni ga aure, ga haraji, ga ƙanne, babu ƙasa. Ita ga ƙasa, tana aure Bakura, babu ɗiya. Tac ce, ba ni na cikin Maimunatu in namiji na, ka noma hwadama har iyakar rayuwa. Ranar da anka kai yaron ga Bakura yaye, ran nan nis sa galma cikin hwadama."

Ya ɗebi 'ya'yan tsamiya da hannunsa ya zuba a ƙoƙonsa, sannan ya kifar da shi a tabarma.

"Ga ta nan. Yau tana ƙarƙashin tabki, kihi ka yawo bisa. Abin da anka ba ni ya tahi. A ba ni nawa."

"Ni nik kawo ruwan?" in ji Gwaggo. "Ni nit tare gulbi? Ni ma hwadamata ta, ban ga ko ƙwayar diyya ba."

"Ni ma ban gani ba."

"To ka tahi ka kama wanda yat tare gulbin, ka ƙyale mani ɗiya."

"Wanda yat tahi kama su ai shi na ban sake gani ba."



Jatau ya ji kunnuwansa na kuka kamar ya nutse a ruwa. Akwai wani labari da Gwaggo ke ba shi tun yana ƙarami, in tana tsefe kai ko tana ɓarar gyaɗa. Wai ta zo Maradun ganin gida, yana rarrafe. Da za ta tafi sai ya kama bakin zanenta ya ƙi saki, aka ɓamɓare ya koma, aka ɓamɓare ya koma. Shi ne mutane suka ce a bar mata shi, yaro ya zaɓi uwarsa. Ya ji labarin nan ya fi a ƙirga. Shi ma ya ba Nagode matarsa, ranar da aka kawo ta.

"Gwaggo."

"Na'am."

"Kin ce zanenki nir riƙe."

"Ka riƙe. Wallahi ka riƙe."

"Kahin a yi maganar hwadama, ko bayan an yi?"

Ta laluba gefenta, ta sami sandar, ta damƙe.

"Gwaggo."

"Bayan an yi," ta ce. "Tun kana ciki anka yi."

Jatau ya gyaɗa kai. Ya dubi ƙoƙonsa da ya kusa cika. Goyo, kunu, allo, tasoshi. Ya sa yatsa ya ɗan ture shi gaba kaɗan, kamar abincin da aka ce na wani ne.

Malam Abdulhamid ya share zufa da hannun riga. Ka gan shi ka san bai yi tsammanin nan za a ɓullo ba.

"Malam Jatau, ka yi haƙuri. Yadda abu ya fara daban, yadda ya zama daban. Wadda ta yi jinyar ƙyanda ba fadama take kallo ba."

"Haka na, Malam."

"Akwai tambaya ta uku da ake yi. Ban da abin da mutum ke bayarwa da abin da yake samu, akan duba in ya tashi daga nan, can ɗin da zai je ya fi masa? Kai ne ake ja. A ina kake ganin za ka fi samun sauƙi?"

Jatau ya fara a hankali. Shi dama ba mai gaggawar baki ba ne.

"Bakura dai, Malam, ka sani. Katahila ta shigo ta tuge ɗorawarmu da tsamiya, anka ce a dakata da shuka sai an gyara. Munka dakata, damina ta wuce, wata ta wuce. Da anka mai da muna gonar, ƙasar bisa ta tahi, sai ja. Ruwan kanal, magudanar da sunka gina, sai ka biya. Ina lebura wurin kamhwani, aiki yaƙ ƙare anka sallame mu. Mai ɗakina ta tahi gidansu wankan jego, sun ce ba ta dawowa sai rumbu ya yi nauyi."

"Can wurin su Baba fa?"

"Na tahi gaisuwar Kabiru na gani. Tudun da anka mai da su tsakuwa ta. In ka sara hwartanya wuta ka tashi."

"To..."

"Babu inda yah hi, Malam. Can yunwa, nan yunwa. Sai dai a tambaye ni wa za ni bari shi mutu shi kaɗai."

Malam Abdulhamid ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago.

"A haɗe gida mana. Gwaggo ta koma tudu wurin ƙanenta."

"Ɗaki guda anka ba mu," in ji Malam Barau. "Ruwan sha ma saye muka yi, ga tabki muna kallo."

"In kuma munka ɗaga daga Bakura, ɗan hilin da anka mai da muna wani za a ba," in ji Jatau. "Ba a barin shi ba shuka."

"To su Baba su dawo Bakura."

"Gidan mijin yata? In zauna cikin surukai ina cin tuwon sadaka?" Malam Barau ya girgiza kai. "Ko na yarda, waccan ba ta tashi. Kullum da la'asar tana bakin hanya. Tac ce in Kabiru ya dawo ya iske ƙohwa ruhe, ina za shi nemo mu?"

"A raba masa lokaci. Wata ɗaya nan, wata ɗaya can."

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "ka taɓa noma? Ruwan shuka rana guda shika sauka Bakura da Maradun. Ciyawa ma tare taka tashi. Mutum guda na, ba aljani ba."

Kowace ƙofa ya taɓa, a kulle. Ya dubi ƙoƙuna. Na Jatau cike, na Gwaggo rabi, na Malam Barau a kife. Saura ɗaya can kusa da bango, babu wanda ya taɓa shi.

"Inna, saura ke."

"Ba ta da magana nan," in ji Malam Barau. "Ɗan hwari na. Ko sunanai ba ta hwaɗi."

"Na sani, Baba. Inna, ba da shi za ki yi magana ba, da ni za ki yi. Ki ɗauka ba ya nan. Ke me aka ba ki?"

Inna ba ta juyo ba.

Jatau bai sa rai ba. Ya san bayan nan nata fiye da fuskarta. Ya fara laluben takalman Gwaggo.

"Ba a ba ni komi ba."

Muryar ƙarama ce, a dushe, kamar wadda aka daɗe ba a yi amfani da ita ba. Bango take kallo.

"Ba a tambaye ni ba, balle a ba ni. Anka ce za a kai yaron nan yaye wurin gwaggo tai, kamar yadda aka yi ma kowa. Nis shahwa maɗaci ga nono, nib ba da shi. Ina lissahin za a maido shi in ya manta. Sai nig ga Malam ya dawo da laka har gwiwa, yana murna."

"Maimunatu," in ji Malam Barau.

"Bar ni, Malam. Yau an ce in hwaɗi."

Ta ja numfashi.

"Ina za ni buɗa baki in ce a maido mani ɗan hwari? A yi ta yi da ni cikin gari, a ce ga marar kunya? Nis sa ido. Da nik ƙyale, anka ce ai ta yarda."

"Ba ki taɓa aika masa da komai ba?" Malam Abdulhamid ya tambaya a hankali. Tambayar da ke cikin Jatau ke nan tun yana yaro.

"Na taɓa ƙulla ƙuli-ƙuli. Na kai bakin mota, nid dawo da shi. Nic ce in Yaya ta ga kamar ina jan shi, ta amshe hwadama, mi sauran za su ci? Gida duka bisa yaron nan yaka ci. Kabiru ma da shinkahwag ga yag girma."



"To ke ma kin ci ke nan," in ji Malam Barau, muryarsa ba ƙarfi. "Duk tare munka ci."

"Ka taɓa ganin na ci?"

Ya dube ta.

"Kin ce shinkahwa na kumbura maki ciki."

"Haka nic ce."

"Tun muna yara kika hwaɗin haka. Har magani nis sawo maki wurin Bahillace."

"Na sha maganin. Lahiyata lau, Malam. Ni ka surhe ta, ni ka dahwa ta, ni ka kwashe maku. In kun ci in ɗumama tuwon dawa in ci. Ran salla ma haka. Ban iya kai ta baki. In na ɗebo sai in ga kamar..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska duka.

Jatau ya tuna. Duk zuwan da ya yi Maradun da salla, akan ajiye masa tuwon shinkafa a ɗakin zaure, malmala manya, miya har da tantaƙwashi. Yakan hango ta can bakin murhu ta ba shi baya, tana cin wani abu baƙi a ƙaramin akushi. Shi a zatonsa don kada ta haɗa kwano da abin da ya taɓa ne.

Ya so ya ce Inna. Bakin ya ƙi.

Malam Abdulhamid ya ɗebi 'ya'yan tsamiya, ya riƙe a hannu yana kallon ƙoƙon Inna. Ya rasa sunan da zai kira ya jefa. A hankali ya mai da su cikin tsibin.

Aka kira la'asar a masallacin kasuwa.

"Jama'a," ya ce, "ban ɓoye muku ba. Abin da na iya shi ne in ɗebo daga inda ya yi yawa in zuba inda ya gaza. Ku kuwa na duba, ban ga mai rara ba. Ku ba ni zuwa Talata mai zuwa, in yi tunani, in nemi shawara."

"Hadari ya hwara haɗuwa gabas," in ji Malam Barau yana miƙewa da kyar. "Kuma akuyar da munka saisuwa munka hau mota, ita ta ta ƙarshe. Ba mu da wata Talata, Malam. Mun gode."

Bai dubi ɗansa ba. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Yaron ga, ban tilasta ma. Ka dai ji."

Bayan an yi salla suka nufi tasha. Jatau na gaba, sanda, Gwaggo na baya. Ba ta ce masa sannu-sannu ba. Shi ma bai yi sauri ba. Kasuwa na watsewa, mata na ɗaure ragowar tumatirin da bai saidu ba, iska mai ɗumi na tasowa daga gabas da ƙamshin ƙasa.

"Jatau."

"Na'am, Gwaggo."

"Kana hushi da ni?"

"A'a."

"Ƙarya kaka yi. Sandar ta gaya mani."

Ya ci gaba da tafiya.

"Na so ka tun ban gan ka ba. Wannan dai ba a sa shi cikin ƙoƙo ba."

"Na sani, Gwaggo."

Motocin biyu na tsaye kusa da juna, ta Bakura ta juya yamma, ta Maradun ta juya gabas. Duk sun kusa cika. Daga su babu wata sai wani mako. Ɗan kamasho na dukan jikin ta Bakura yana kiran saura mutum biyu.

Jatau ya hango mahaifinsa an ja shi ya hau bayan ta Maradun, ya zauna kan buhu ya haɗa kai da gwiwa. Inna ba ta hau ba. Tana tsaye riƙe da ƙarfen mota, ta ba su baya.

Ya kau da kai. Ya ɗaga sanda, Gwaggo ta gane mataki ne, ta ɗaga ƙafa tana lalube.

"Abdulmumini."

Ƙafar Gwaggo ta tsaya a sama.

Sunan da aka raɗa masa ranar suna ke nan. Tun da farar fatarsa ta sa aka laƙaba masa Jatau, babu mai kiran sa da shi. Ko shi sai ya yi tunani yake tunawa.

Ya san muryar. Ɗazu ya ji ta tana magana da bango.

Matan da ke cikin motar Maradun suka yi tsit, 'yan garinsu ne, sun san ko wace ce, sun san ko wane ne. Wata tsohuwa ta kama baki.

Ya waiwaya.

Inna ta juyo. Mayafin ya zame mata zuwa kafaɗa, ba ta gyara ba. Ido cikin ido take kallon sa, a tsakiyar tasha, gaban kowa. Ashe idanunta irin nasa ne.

"Abdulmumini," ta sake cewa. Ba ta ƙara komai a kai ba.

Direban Maradun ya ta da mota. Na Bakura ma ya tayar.

"Malam, za ku hau ko in sa wasu?" in ji ɗan kamasho.

Jatau na tsaye, hannunsa na dama riƙe da sanda. Ya san daga tashar Bakura zuwa gida akwai kanal, gadarsa itace biyu ne. Ya san randa babu ruwa, da safe ya ce sai sun dawo.

"An kira ka," in ji Gwaggo a bayansa. "Amsa mana. Ban koya ma ƙin amsa kira ba."

"Gwaggo, tsaya..."

Sai ya ji sandar ta yi masa sauƙi a hannu.

Ta saki.